Ƙwayar Ƙarfen Malam da Na Kai Holan

Tun da na dawo ban huta ba. A makaranta, a gidan suna, har wurin mai kayan miya na bakin layinmu a Badarawa, tambayar ɗaya ce: "Malama Saude, yaya Turai?" In na ce lafiya lau, a ce ina rowar labari. In na fara bayanin abin da ya kai ni, kafin in kai tsakiya an fara hamma, sai wata ta katse ni: "Ke dai faɗa mana, da gaske ne ba sa ɗauke wuta?" To, da gaske ne, ba sa ɗaukewa. Sauran kuma ga shi na zauna na rubuta, duk wadda ta sake tare ni sai in miƙa mata ta karanta da kanta.

Ni malamar fiziks ce a wata babbar makaranta a nan Kaduna, kuma ina karatun digiri na uku a hannun Farfesa Garba, wanda kowa ke kira Malam. Tun ina 'yar aji ɗaya a jami'a ya koyar da ni. Mutum ne mai faɗa a kan lissafi, mai taushi a kan komai ban da shi.

Abin da muke bincike a kai, in taƙaita shi yadda nake yi wa maigidana, Baban Walida, shi ne wannan. Akwai wasu abubuwa da in aka sanyaya su sanyin da ya wuce misali, wutar lantarki takan bi ta cikinsu babu turjiya ko kaɗan, ba zafi, ba asara. Cikinsu har da waɗanda aka haɗa da baƙin ƙarfe, alhali an daɗe ana ganin ƙarfe, da yake ɗan gidan maganaɗisu ne, shi zai fara ɓata wannan hali. Namu haɗin ƙarfe ne da wani sinadari da ake kira siliniyom. So muke mu san yadda ƙwayoyin lantarki suke zaune a cikinsa, kuma ba a ganinsu da ido. Dabarar ita ce a saka abin cikin maganaɗisu mai tsananin ƙarfi har ya karya masa wancan hali, turjiya ta dawo. In aka ci gaba da ƙara ƙarfin, sai layin awo ya fara hawa da sauka, tudu bayan tudu. Daga tazarar tudun nan ake lissafa zaman ƙwayoyin. Irin wannan maganaɗisu babu shi a ƙasarmu, a duniya ma wuraren da ke da shi ba su da yawa.

Malam ya yi shekara da shekaru yana zana wa ɗalibai tudun nan a allo, da alli, daga abin da ya karanta. Bai taɓa ganinsu sun fito a gabansa ba. Da wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a waje ya aiko masa da ƙwayoyi uku na wannan haɗi, sai ya nemi a ba shi lokaci a wani ɗakin bincike a ƙasar Holan. Aka daɗe shiru, sannan aka amsa, aka ba shi 'yan kwanaki. Kafin amsar ta zo ciwon suga ya riga ya taɓa masa ido, likita kuma ya ce ko Kano kada ya je, balle Turai.

Ya kira ni gidansa a Unguwar Rimi. Hajiya, matarsa, ta kawo min zoɓo ta koma ciki. Ya laluba aljihu ya fito da wata 'yar kwalba mai ɗauke da ƙwayoyin nan uku, ya sa min a tafin hannu ya rufe da nasa.

"Saudatu, ke za ki je."

"Malam, ni ko jirgin sama ban taɓa shiga ba."

"Jirgi ba ke za ki tuƙa ba. Ki je ki gano min tudun nan. In kuma babu su, ki dawo ki faɗa min babu, in san abin da na yi ta zanawa."

Da wannan maganar na fito, kuma ita ta yi ta bina har can. Kujerarsa zan hau, damar da ya jira tsawon rayuwarsa, kuma ba a ba da ita sau biyu cikin sauƙi.

Baban Walida ya kai ni tashar jirgin ƙasa a Rigasa, yana ta jaddada min in riƙe fasfo. Na ce fasfo in ya ɓata a yi wani, kwalbar nan ce abin ji. Na naɗe ta da auduga na sa a 'yar jakar da nake ratayawa a ƙarƙashin hijabi. Wata Hajiya da muka zauna tare har Abuja ta ga ina yawan dafa ƙirji, ta matso ta ce, "'Yar nan, in gwal ne ki daina taɓawa, kina nuna wa ɓarayi hanya." Na ce mata ƙarfe ne. Ta dube ni sama da ƙasa, ba ta ƙara yi min magana ba.

Jirgin sama ba zan ce komai a kansa ba, don idona a rufe na yi rabin tafiyar, ina karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. A iyakar Holan ne aka fara. Jami'in ya tambayi abin da ya kawo ni, na faɗa masa, ya ce in nuna masa kayan gwajin. Ya ɗaga kwalbar sama yana juyawa.

"Babu komai a ciki."

"Akwai, yallaɓai. Duba ƙasa."

Kowace ƙwaya ba ta kai ƙwayar gero ba, ga ta fale-fale, tana ɗan ƙyalli. Ya kira abokin aikinsa, suka haɗa kai suna leƙe, ni kuma ina ta addu'a kada su buɗe iska ta shiga. Can ya miƙo min yana murmushi, ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin wanda ya ƙetaro teku saboda abu ƙarami haka ba. Ina cikin hamdala sai ga karensu ya tsaya a kan akwatina ya ƙi gaba. Dambun naman da yayata ta kwana biyu tana yi ne. Suka ce nama ba ya shiga. Na roƙi mutumin ko ɗanɗanawa ya yi kafin ya zubar, don in samu abin faɗa wa yaya, ya ce doka ta hana. Yajina dai ya tsira, bayan ya buɗe ya yi atishawa.

An sama min ɗaki a gidan wata tsohuwa, Madam Ani. Doguwa ce, gashinta fari fat, ta girmi mahaifiyata amma a keke take zuwa kasuwa. Garin gaba ɗaya haka yake, malamin jami'a da ɗan makaranta da mai jego duk a kan keke, in ka tsaya a hanyarsu kuma ƙararrawa za su yi ta buga maka ba ko sannu. Matakalar gidan kamar tsani, da rarrafe na hau da akwati. Na shiga banɗaki na duba ko'ina babu buta. Washegari na samo 'yar butar ban-ruwan furanni a kanti, Madam Ani ta gan ni da ita ta yi murna, ta ce ashe ina son shuke-shuke. Daga ranar na zama mai ba furanninta ruwa har na baro ƙasar.

Amma abin da nake so ku riƙe ya faru ne a ranar da na sauka. Na sauko na tarar da ita a kicin, tukunya na tururi, ƙamshi ya cika gida, ni kuma rabona da abincin kirki tun Kaduna.

"Za ki sha miya?" in ji ta.

Me 'yar mutunci za ta ce? Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, na gode, a ƙoshe nake."

Na gyara zama ina jiran ta ce haba, ko kaɗan ne, ba a ƙin abincin gida. Ina jiran ta zuba ta turo min, in ce wallahi da kin bari, sannan in ci. Sai matar nan ta ce, "To," ta zuba nata, ta rufe tukunya ta sa a firji. Ta zauna a gabana ta shanye tas tana tambayata labarin hanya. Na hau sama da yunwata ina cewa a raina, wannan wace irin ƙasa ce da ba a san baƙo ba? Biskit ɗin jirgi na ci.

Da a ce ina da wayo da na ɗauki darasi tun daga nan. Ban ɗauka ba, sai na ɗauka rowa ce.

Ɗakin binciken wani ƙaton gini ne a gefen gari. Wanda aka haɗa ni da shi sunansa Dokta Pita, siriri, mai gilashi, ba ya gaisuwa fiye da kalma ɗaya. Na tambaye shi iyali, na tambaye shi gajiya, na tambaye shi sanyi, ya tsaya yana dubana kamar mai jiran in zo kan magana. Kafin mu shiga wurin maganaɗisun ya ce in ajiye duk wani ƙarfe. Na ajiye waya, mukulli, agogo. Ya nuna kaina. Na manta da fil-fil ɗin da na kafe ɗankwali da mayafi da su. Na koma gefe na zare su ɗaya bayan ɗaya, na yi ɗaurin da kakata take yi, haka na yi ta yawo a ginin har na gama.

Maganaɗisun kansa ba abin kallo ba ne, wata ƙatuwar ganga ce da bututu ko ta ina. Sai an kunna shi za ka san da shi, ruwan da ke sanyaya shi yana ruri har cikin ƙirji. Pita ya ce wutar da yake sha za ta ishi ƙaramin gari. Na tuna yadda muke ihu a layinmu in an kawo wuta. A tsakiyar gangar akwai wata doguwar randa ta sanyi, a nan ake zura sanda mai ɗauke da ƙwayar a bakinta. Ƙungiyoyi daga ƙasashe daban-daban suna layi, kowa da ranakunsa, in naka sun ƙare ka tattara ka ba na baya wuri.

Kafin a zura ƙwayar sai an manna mata wayoyi huɗu na zinare, kowace ta fi gashi siranta, da wani gam na azurfa, a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Na karanta yadda ake yi, na kalli hotuna, amma ban taɓa yi da hannuna ba, don ba mu da kayan. Pita ya nuna min teburin, ya jera min komai, sannan ya ce:

"Kina so in ɗaura miki wayoyin?"

Wallahi ina so. Babu abin da nake so a duniya a lokacin kamar haka. Amma mutum ya bar aikinsa, ya zagaya da ni, ya jera min kaya, sannan in buɗe baki in ce e, zauna ka yi min? Bakina da kansa ya ce, "A'a, kada ka wahalar da kanka, zan gwada."

"To. Ina ofis in kina nemana."

Ya juya ya tafi. Na bi ƙeyarsa da kallo ina jiran ya waiwayo. Bai waiwayo ba.

Ƙwaya ta farko a hannuna ta mutu. Abin fale-fale ne kamar ɓawon albasa, ina taɓa ta da ɗan hantsaki hannuna ya yi rawa, ta rabe, gam ya malale a kai. Na zauna ina kallon ta a madubi, na ji kamar in kurma ihu. Ta biyu na wuni a kanta ban ci ban sha ba, har na samu wayoyin suka zauna. Pita ya zo ya auna, ya ɗan yamutsa fuska, ya ce, "Ɗaya ba ta kama sosai ba. Za ki sake, ko mu saka haka?" Na ji kunyar in ce ban iya sakewa ba, na ce mu saka. Aka zura sanda, aka fara sanyayawa, abin da ke cin lokaci mai tsawo. Sanyi na kaiwa inda ake so, wayar ta saki. Layin awo ya haukace, babu abin da za a karanta. Kafin a ɗumama a fito da ita ranar ta tafi, ƙwayar kuma ta tsage.

Saura ɗaya, ranakuna kuma sun kusa ƙarewa. Malam ya kira ni a waya, na ce masa ana nan ana fama. Ya ce, "Allah ya yi miki jagora," bai tambayi komai ba, kuma rashin tambayar ya fi yi min ciwo. Haushin Pita kuwa kamar ya kashe ni. Mutum yana ganin baƙuwa tana nutsewa, ya wuce ta da kofin shayinsa yana ɗaga mata hannu!

Akwai wani ɗan lungu kusa da ɗakin shan shayi inda nake sallah. Alƙiblar waya ba ta aiki a ginin, allurar sai ta yi ta juyi saboda maganaɗisu. Wadda ta nuna min gabas tun farko wata 'yar ƙasar Iran ce mai suna Shirin, ita ma bincike ya kawo ta, kuma ƙungiyarta ce ke bayana a layi. Ranar ta same ni a kan sallaya bayan la'asar ina sharar hawaye. Ta zauna a ƙasa kusa da ni, na kwashe komai na faɗa mata, har da miyar Madam Ani.

Maimakon ta taya ni jimami sai ta fashe da dariya, har tana riƙe ciki. Na ɓata rai.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa," ta ce. "Kaina nake yi wa dariya. Mu ma haka muke. A garinmu mai tasi ma sai ya ce ki bar kuɗin, ke kuma ki rantse sai ya karɓa. Zuwana na farko nan na yi fulakon da na kusa suma. Sau nawa ya tambaye ki?"

"Sau ɗaya."

"To ai ya gama. A nan in kin ce a'a, sun ɗauka kin yi tunani kin yanke. In ya sake tambaya, a ganinsa ya raina ki, kamar yana cewa ba ki san abin da kike so ba. Jiya ma na ji yana cewa matar nan ta Najeriya akwai zuciya, komai ita take son yi da kanta."

Na riƙe baki. Wato duk kwanakin nan ina zaginsa a zuci, shi kuma yana can yana yabona.

"Tashi ki je ki ce masa kina so. Kada ki yi kwana-kwana, kada ki ce in ba damuwa. Ki faɗa kamar kina sayen tumatir."

Na yi shekaru ina tsayawa gaban aji, ban taɓa jin nauyin magana kamar na ranar ba. Na ƙwanƙwasa ofishinsa, na tsaya a bakin ƙofa, gaisuwa tana ta taso min ina danne ta.

"Dokta Pita, ban iya ɗaura wayoyin nan ba. Ban taɓa yi ba. Saura ƙwaya ɗaya. Ina so ka taimake ni."

Ya cire gilashi ya dube ni. "Me ya sa ba ki faɗa ba tun farko?"

"A wurinmu ba a amsa tayi a karon farko."

"To a karo na nawa ake amsawa?"

"Na uku. Wani lokaci sai an yi rantsuwa."

Fuskarsa ta yi ja. Ya ce shi ma da laifinsa, ya ga hannuna yana rawa, ya yi zaton in ya matsa zan ji haushi. Ya ture aikin gabansa ya tashi. Ya nuna min yadda ake dafa gefen hannu a tebur, yadda ake riƙe numfashi, da yadda ake ɗebo gam da gashin gira guda ɗaya da aka manna a tsinke. Ya ɗaura biyu ina kallo, ya ce saura biyun nawa ne. Na ɗaura su, ya auna, duka huɗun suka kama.

Sai dai gam yana son lokaci ya bushe, sanyi yana son nasa. Da muka lissafa, ranar da ƙwayar za ta kai sanyin da ake so, ranar Shirin ce. Nawa lokacin ya ƙare.

Ban ce mata komai ba, wace fuska gare ni? Ita ta same ni ina tattara kaya. Ta ce ta yi magana da abokan aikinta, awonsu na farko ba ya buƙatar wuni guda, za su ba ni daga safe zuwa azahar.

Nan fa aka yi ta. Bakina ya fara, "Haba, ke ma daga nesa kika zo..." sai na tsaya. Wata damuwar kuma ta taso min: wannan 'yar gidan kara ce kamata, ina na san ko tayin baki take yi, tana jiran in ƙi? In na karɓa na cuce ta, in na ƙi na cuci Malam. Muka tsaya muna kallon juna, kowa ta san abin da ɗayar ke tunani.

Ta kama kafaɗuna ta ce, "Saude, tayin Holan nake yi miki, ba namu ba. Sau ɗaya zan faɗa. Kina so?"

"Ina so."

Da na koma masauki na tarar da Madam Ani a kicin, na ce mata ina jin yunwa, kuma miyar nan ta ranar farko ina so. Ta ajiye cokali. Ashe da ta ji Musulma ce za ta sauka, sai da ta sayi sabuwar tukunya, ta dafa da ganye da wake zalla don kada naman da ba na ci ya taɓa. Da na ƙi, ta ɗauka addinina ya hana ni cin girkinta gaba ɗaya, ta ji kunyar sake tambaya. Ta dafa wata a take. Na barbaɗa yaji, ita ma ta ce a sa mata, ta yi ta tari tana shan ruwa tana cewa a ƙara. Har yau in na tuna na kira matar nan marowaciya a raina sai in nemi gafara.

Da safe aka kunna maganaɗisu. Ni da Pita da Shirin muna gaban kwamfuta, ruwa yana ruri. Layin ya kwanta a ƙasa, babu turjiya ko ɗis, yadda ya kamata. Ƙarfi yana hawa, yana hawa, can sai layin ya ɗaga, ya miƙe sama sumul. Muka wuce tesla ashirin, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, babu tudu babu kwari. Na fara shirya yadda zan faɗa wa Malam babu. Pita ya ce in jira, ya sa kwamfutar ta cire gangaren layin ta bar abin da ya saura.

Sai ga su. Ƙanana da farko, kamar rawar hannu, har na ce ko hayaniyar na'ura ce. Tudu na gaba ya fi su tsayi, na gaba ya fi wancan. Aka sauke ƙarfin aka sake hawa, suka fito a wuraren da suka fito da farko, ba su goce ba. Shirin ta rungume ni tana magana da yarensu. Pita ya ce, "Kyakkyawa," wanda a wurinsa doguwar huɗuba ce. Ni kuwa na rasa abin yi, na durƙusa a kan simintin nan na yi sujada, da ɗaurin kakata a kai. Kafin azahar mun juya ƙwayar mun sake awo ta wasu fuskoki, na miƙa wa Shirin maganaɗisu a kan lokaci.

Ba zan ce mun gano abin da zai girgiza duniya ba. Lissafin ma har yanzu ina kansa, kuma wasu sun auna irin wannan kafin mu. Amma wannan namu ne. Ina godiya ga Allah, ina godiya ga mutanen nan uku da ba su haɗa komai da ni ba. Ranar tafiya Madam Ani ta tambaye ni ko ina son cuku in kai gida, na ce e tun kafin ta rufe baki.

Kwana ɗaya na yi a gida na nufi Unguwar Rimi, Baban Walida ya kai ni. Na buga hoton awon a babbar takarda. Muka tarar da Malam a kan tabarma a inuwar mangwaro, ya rame fiye da yadda na bar shi. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi sanyi, ya tambayi mutanen can, duk bai tambayi abin da ke ransa ba. Na warware takardar na ɗora masa a cinya.

Ya kai ta kusa da fuska, ya nisanta ta, ya karkata ta wajen haske. Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa, ta girgiza min kai a hankali. Idon ya ƙara tafiya bayan tafiyata, ba wanda ya faɗa min.

"Fari kawai nake gani, Saudatu," ya ce. "Akwai su?"

"Akwai su, Malam."

"Kada ki yi min kara."

"Ba kara ba ce. Kawo hannunka."

Na kama yatsansa na ɗora a farkon layin, na fara ja a hankali. Muka bi inda yake a miƙe. Muka hau ɗan tudu na farko muka sauka, muka hau na biyu. Yana bi bakinsa yana motsi. Da muka kai ƙarshe ya ce in sake, na mayar da yatsan farko. A karo na biyun, wajen tsakiya, na ji hannunsa ya fara riga nawa, yana hawa kafin in hau, yana sauka kafin in sauka.

"Tazarar tana buɗewa," ya ce. "Kina ji? Duk wanda ya zo ya fi na baya faɗi, ya fi shi tsayi."

"Haka ne, Malam."

"Haka nake zana shi."

Ya bar yatsan a kan tudu na ƙarshe, ya daɗe bai ɗauke ba. Sannan ya juya wajen ƙofa, inda yake jin tsayuwar matarsa.

"Hajiya, kin ji? Ashe ban yi wa 'ya'yan mutane ƙarya ba."